Ku Tambaya Mu Amsa: Mi ya sa wata manhaja ke da daɗin aiki, wata kuma sai ciwon kai?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawancinsu kan abu guda suke, wato abin nan da masu harkar kwamfuta ke ce ma UX, tsara manhaja ko shafin intanet yadda mai amfani da shi zai yi abin da ya kawo shi ya tashi ba tare da ya sha wuya ba. Na tsinto guda bakwai na ɗan gyara rubutunsu, waɗanda ba su ga nasu ba a yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne a jami'ar Abdou Moumouni, ina yawan ganin ana rubuta UX UX a Facebook har ana cewa wai ana samun kuɗi da shi, dan Allah mine ne shi takamaimai? Ba dai zaɓen kala da ƙawata buton ba ne aka ba babban suna? (Ɗalibi, Harobanda, Yamai)

AMSA: Wa alaikas salam ƙanena. Kala da buton suna ciki amma su ne ƙarshen aikin. Wanda ya baza kalmar nan wani Ba'amurke ne masanin yadda ƙwaƙwalwar mutum ke aiki, Don Norman, lokacin da ya kama aiki a kamfanin Apple a 1993, kuma abin da yake nufi ya fi allon waya faɗi nesa ba kusa ba, yana nufin duk abin da mutum zai gamu da shi tun daga ranar da ya ji labarin kaya, ya saya, ya buɗe kwali, ya kunna, ya rikice, ya kira kamfani a taimake shi, har ranar da zai yar da shi. Shi wannan bawan Allah ya yi suna ne da ƙorafi a kan ƙofofi, irin ƙofar banki ko otal ɗin nan da za ka ga an sa mata mariƙi kamar na ja, kai ta ja ta ƙi buɗuwa ashe turawa ake, sai ka ji kunya ka waiga ko wani ya gan ka. Norman ya ce kunyar ta wanda ya ƙera ƙofar ce, don duk ƙofar da sai an manna mata takarda an rubuta a tura ko a ja, tun wurin ƙira aka kuskure. Dubi butar alwala mana, ba wanda aka taɓa zaunarwa aka koya masa ina zai riƙe kuma ta ina ruwa zai fito, siffarta ke faɗa. Haka ake so manhaja ta zama.

Ni in aka miƙo min manhaja aka ce in duba, abin da nake fara nema shi ne, mutum da ya buɗe zai gane mi ake yi a nan? In ya taɓa wani abu ta nuna masa ta ji? In ya yi kuskure akwai hanyar komawa baya ko shike nan ya faɗa rami? Ka ɗauki WhatsApp da ke hannunka, ka tura saƙo ka ga alama ɗaya wato ya tafi, ka ga biyu ya isa, su koma bula an karanta, wannan bulan a 2014 aka ƙara shi. Vokal kuma tun 2013, ka danne ka yi magana ka saki, magana ta ƙare, shi ya sa gwaggonka da ba ta taɓa taka ƙofar lekol ba take aiko maka vokal na minti bakwai ba wanda ya koya mata. Wani ne ya zauna ya yi tunanin wannan, kuma tunanin shi ne sana'ar. Wancan na kala da siffar buton sunansa UI, ɗan uwansa ne, a ƙananan kamfanoni ma mutum guda ke haɗa su duka. Kuɗi kam ana samu, amma masu cewa sati biyu za su maida ka gwani kuɗin forfe ɗinka suke so.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni nan Tahoua nike, na yi karatun informatik, na ɓata lokaci mai yawa ina haɗa wata aplikasiyo da za ta riƙa nuna ma manoman albasa farashin buhu a Galmi da Madawa da Ƙonni da Yamai, wallahi ta yi kyau duk abokaina sun yaba, amma manoman da na sa ma ita cikin waya ba wanda ya sake buɗe ta, wani ma ya goge wai ta cika mishi waya. Mi na yi ba daidai ba? (Matashi, Tahoua)

AMSA: Sannu da ƙoƙari ɗan uwa, kuma tunanin mai kyau ne don manomin da bai san farashi ba kullum shi ake ci. Amma ka saurari abin da ka faɗa da bakinka, abokanka suka yaba. Su nawa ne cikinsu ke da garkar albasa? Ka ƙera abu don Alhaji mai garka sannan ka kai ma ƴan fada su duba, su kuma shayi suke sha suna ganin kala ta yi kyau.

Abin da ya kamata ya zo kafin layin kod na farko, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, shi ne ka je ka zauna da mutanen, kuma ba da waya a hannu kana talla ba, ka je da kaye da bik ka tambaye su yau ɗin nan ta yaya suke sanin farashi. Za ka ji wani ya ce dillali yake kira, wani ƙanensa ke kasuwa, wani direban da ke kai kaya Ghana ko Abidjan ne ke faɗa masa. Ka ga kenan kishiyar manhajarka ba wata manhaja ba ce, kiran waya ne na minti ɗaya zuwa ga mutumin da ya yarda da shi shekara da shekaru. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar ɗin nan daga 2001 zuwa 2006 lokacin da rezo ke shiga garuruwa, ta gano bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma a lokacin ba wata aplikasiyo, kiran waya ne kawai tsakanin ƴan kasuwa. To in naka bai fi kiran nan sauƙi ko gaskiya ba mi zai sa ya bar shi?

Sannan kar ka taɓa tambayar mutuminmu "ya ka ga abin, za ka yi amfani da shi?" Kara ba za ta bar shi ya ce a'a ba, zai ce kai ya yi kyau Allah ya sa albarka, kana juya baya ya manta. Ba shi aiki za ka yi. Ka miƙa masa wayar ka ce Alhaji duba min nawa buhu yake yau a Galmi, sai ka ja bakinka ka yi shiru, wannan shirun shi ne mafi wuya a duk sana'ar don hannunka zai riƙa ƙaiƙayi ka nuna masa inda zai taɓa, kar ka nuna, ka duba ina yatsansa ya tsaya, ina ya ɗaure fuska, ina ya miƙo maka ya ce kai duba min. Duk inda ya tsaya ka rubuta. Ba ka buƙatar mutum ɗari, Jakob Nielsen ɗan Denmark da ya daɗe a harkar nan ya rubuta tun 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da wajen kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, bayan na biyar sai ka ga abin da ka riga ka gani ne ke ta maimaituwa. Amma biyar ɗin su zama manoma fa. Ka gyara, ka sake neman wasu biyar.

Zan iya cinkar wasu abubuwan ma tun daga nan. In allon farko na cewa a buɗe kont da imel da kalmar sirri, to ka kore su tun daga ƙofa, mutum na son ganin farashi ne kai kuma kana neman takardun haihuwarsa. Wanda ya ce ta cika masa waya shi ma gaskiya ya faɗa, yawancin wayoyin nan itel da Tecno ne masu ƙaramin ciki, cike da vokal da bidiyon wa'azi da hotunan biki, in wuri ya ƙare abin da ba a buɗewa ake fara gogewa. Facebook da kansa sai da ya fitar da Facebook Lite a 2015 wanda lokacin bai kai mega ɗaya ba, saboda irin wayoyinmu da irin rezo ɗinmu. Shi rezon ma, a garka yana zuwa yana tafiya, to manhajar ta ajiye farashin ƙarshe da ta samu ta nuna shi ko babu intanet, amma ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa na jiya ne ko na shekaranjiya, don farashin da ba kwanan wata ya fi rashin farashi haɗari. Masu bincike sun daɗe da auna haƙurin mutum a gaban na'ura, abin da ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan ji yake kamar nan take, sakan ɗaya tunaninsa bai yanke ba, in ya kai sakan goma hankali ya tafi wani wuri. Kuma ka faɗi wane irin buhu, wace irin albasa, sabuwa ko ta ajiya, wa ya ba da farashin, in ba haka ba Alhaji zai ce ƙarya ce don shi ba haka aka faɗa masa ba.

Abu na ƙarshe ba zai yi maka daɗi ba. Yana yiwuwa bayan ka zauna da su ka gano ba aplikasiyo suke buƙata ba, vokal ɗin Hausa ne na sakan arba'in kowace safiya a gurup na WhatsApp, ko mesaj ga masu ƙaramar waya. In haka ta fito ka bi ta, abin da ka gina bai ɓace ba, shi zai riƙa tattara maka farashin a baya.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Mamata ta je tura jika ashirin ma ƙanena ta waya sai ta kuskure lamba ɗaya kuɗin suka tafi wurin wani, yanzu duk gida ana ta mata faɗa wai ba ta lura, har ta ce ita ta bar taɓa abin nan har abada. Ni dai ina ganin ba laifinta ba ne ita kaɗai. Ko ya ka gani? (Mai saida turaren wuta, Yantala)

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya maida alheri, kuma ki gaida Mama ki ce mata matuƙan jirgin sama ma sun yi irin nata. A lokacin yaƙin duniya na biyu jiragen yaƙin Amurka samfurin B-17 sun yi ta faɗuwa a kan cikinsu wurin sauka, ana ta rubuta laifin matuƙi, sai wani matashin soja masanin halayyar ɗan Adam mai suna Alphonse Chapanis ya shiga ya duba inda matuƙin ke zama, ya tarar da abin da ake taɓawa a janye tayoyi da wanda ake taɓawa a motsa fiffike iri ɗaya ne sak kuma suna kusa da juna, mutum ya dawo a gajiye ya miƙa hannu sai ya taɓa wanda ba shi ba. Aka sa ma na taya ɗan abu mai siffar taya, na fiffike mai siffar fiffike, hannu na taɓawa ya gane ko ba a duba ba, irin wannan haɗarin ya kau. Matuƙan su ne dai na jiya, ƙirar aka canza.

To ki auna da abin da ya sami Mama. Lambar waya a Nijar takwas ce, kuma kowa bibbiyu yake karanta ta, amma sai ki ga an jera su takwas a manne da ƙananan baƙaƙe, ta ina ido zai kama cewa 6 ta zama 9? Manhaja mai hankali za ta raba su bibbiyu yadda bakinmu ke faɗa, za ta bar mutum ya zaɓo suna daga cikin lambobin da ya ajiye maimakon ya buga da hannu, kuma mafi girma duka, kafin kuɗi su fita ta nuna sunan wanda zai karɓa da manyan harufa. Da Mama ta ga sunan da ba na ɗanta ba ai da ta tsaya. Kuɗin ma haka, 20000 da 200000 sifili ɗaya ne tsakaninsu, a rubuta 20 000 da ɗan fili ido ya huta.

Akwai kuma wanda masu ƙera manhaja daga waje ba za su taɓa sani ba sai sun zo kasuwar Wadata ko Katako sun tsaya. Mu da dala muke lissafi, na'ura kuma da faran. Tsohuwa in ta ce ɗari tana nufin 500, in ta ce ashirin tana nufin 100, jika kuma 1000. Kenan duk lokacin da za ta tura kuɗi sai ta yi lissafin sau biyar a ka, ga rana ga hayaniya ga layi a bayanta, ga kuma irin kod ɗin nan na tauraro da ake bugawa wanda allonsa bai ɗaukar fiye da harufa 182 kuma in ka daɗe kana tunani sai ya yanke ka koma farko. Ni a ganina duk manhajar kuɗi da ake so iyayenmu su riƙe, ya kamata a ƙarƙashin 20 000 ta rubuta jika ashirin, ko ma ta faɗa da murya. A 2010 bayan fari, ƙungiyar agaji ta Concern ta raba tallafin 22 000 a wata har wata biyar a ƙauyuka 96 na jihar Tahoua, wasu ta waya aka tura musu da Zap, tsarin tura kuɗi na lokacin, kuma bincike ya nuna matan da suka karɓa ta waya sun rage tafiya da jiran layi. Wato matan karkara ma sun iya in an tsaya an nuna musu, ba batun kai ba ne.

Yanzu dai ku je ajans da mesaj ɗin shaidar turawa tun da wuri, ku ajiye mata lambobin ƴaƴanta da suna cikin wayar, in sabuwar lamba ce a fara tura kaɗan a kira a ji ya shiga. Faɗan kuma a bari haka nan, tsoro ke ƙara kuskure.

TAMBAYA: Yaya ina so in koyi aikin nan amma ban da ordinater kuma ban iya kod ba, zai yiwu? (Ɗaliba, Talladje)

AMSA: Zai yiwu ƙanwata. Rabin aikin da takarda ake yi, ki zana allon waya a kan takardu, kowace takarda allo guda, ki ajiye gaban mutum ki ce ya taɓa da yatsa, in ya taɓa ki canza takarda kamar ke ce wayar. Manyan kamfanoni ma suna yin haka don gyara a takarda goge fensir ne kawai. Ki fara da manhajar da kike amfani da ita kullum, ki ba mutum biyar na gidanku aiki guda a cikinta, ki rubuta inda suka maƙale, ki zana yadda za ki gyara, in kin yi irin wannan uku kin sami abin nunawa. Ki nemi ƙa'idoji goma na Nielsen na 1994 kan sauƙin amfani da manhaja, akwai su da Faransanci kuma ba su da tsawo. Daga baya za ki buƙaci kwamfuta don Figma, da shi akasari ake zanen allon manhaja yanzu kuma yana da ɓangaren kyauta, sai ki leƙa wurare irin CIPMEN nan Yamai inda masu fara kamfani ke taruwa, kullum akwai mai kod da ke neman wanda zai duba masa. Kod ba dole ba ne, amma ɗan sanin HTML da CSS, waɗanda da su ake gina shafin intanet, zai hana ki zana abin da ba ya ginuwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne na haura sittin, jikana ke rubuta min wannan. Rubutun waya ya yi min ƙanana, in na taɓa wani abu sai wani ya buɗe, cikin rana kuma ba na ganin komi. Idona ne ya tafi ko kuwa? (Dattijo, Badagishiri)

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ido kam yana raguwa ga ganin kusa da zarar mutum ya wuce arba'in, kowa haka ne, in da hali a je a auna a sami tabarau. Amma ba ku kaɗai ke da alhaki ba. Google da ke da Android ya ce duk abin da za a taɓa da yatsa kar ya gaza wajen milimita 9 kowane gefe, kuma tun 1954 wani mai bincike Paul Fitts ya nuna cewa in abu ya ƙanƙance ko ya yi nisa, hannu na daɗewa kafin ya same shi. Rubutu ma akwai ma'auni na duniya, hasken rubutu da na bayansa su bambanta aƙalla 4.5 da 1, amma yaran yanzu sun ga rubutu toka-toka a kan fari ya yi musu gayu a biro mai sanyi da labule, sun manta akwai ranar Adar ta watan Afrilu. Jika, kai nake ma magana yanzu, shiga saitin wayar Baba wurin allo ka ƙara girman rubutu, ka ƙara haske, ka kwashe tarkacen da ba ya amfani da su daga allon farko ka bar masa huɗu ko biyar, ka sa hoton fuska a kan lambobin da yake yawan kira. In ka ƙara girman sai wata manhaja ta hargitse rubutu ya hau kan rubutu, to masu ita ne ba su yi aikinsu ba.

TAMBAYA: Malam kullum sai in ga kredina na raguwa, da na bincika wai na yi abonma na wani abu na wasanni da ban san lokacin da na shiga ba, fita kuma ta gagara. Wannan ma UX ɗin ne? (Mai kabu-kabu, Tahoua)

AMSA: Shi ne fa, amma wanda aka juya aka yi cuta da shi. Ilimin da ke sa a san inda yatsa zai sauka don a sauƙaƙa maka, da shi ake sanin inda za a ɗana maka tarko. Sai a fito maka da saƙo daidai lokacin da kake tsakiyar danne-danne, buton yarda ƙato mai kala, na ƙi ɗan mitsitsi a lungu, shiga taɓawa ɗaya, fita sai ka bi allo shida ka kira lambar da ba a ɗauka. Wani Bature ɗan Ingila Harry Brignull ya fara tattara irin waɗannan dabaru yana fallasa su tun 2010, yanzu har hukumomi sun shigo ciki, a Amurka kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince a ƙarshen 2022 zai biya dalar Amurka miliyan 245 a maida ma mutane, saboda ya jera buton yadda ake sayen abu ba da niyya ba. Ni ma'aunina guda ne, fita ta zama da sauƙi kamar shiga, duk wanda ya ɓoye ƙofar fita ya san abin da yake yi. Ka je ajans ɗin kamfanin layinka ka ce a nuna maka duk abonma da ke kan lambarka a cire su a gabanka, in ba a yi ba akwai ARCEP, ita ce hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa. Kuma in saƙo ya faɗo kan allo kana kan moto kar ka danna don ya tafi, tsaya ka karanta ko ka bar shi.

TAMBAYA: Muna haɗa manhajar wani kilinik don mata masu awon ciki su riƙa ganin ranar komawa. Gardama ta kaure tsakaninmu, wasu sun ce a yi da Faransanci kawai wasu sun ce Hausa tunda yanzu ita ce harshen ƙasa. Raba mu Malam. (Ƴan wani ƙaramin kamfani, Yamai)

AMSA: Toh ni ba zan raba ku yadda kuke so ba, don dukkanku kuna maganar rubutu ne. Gaskiya ne dokar da aka sa ma hannu a Maris 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki, amma macen da ke zaune a benci tana jiran sajfam ba doka ta zo karantawa ba. Wadda ta yi lekol da Faransanci ta koyi karatu, sau da yawa rubutun Hausa na boko ma sai ta yi ta haɗa baƙi kafin ta gane, wadda ba ta yi ba kuma duka biyun ba su amfane ta ba, ga kuma Yamai rabin layin Zabarmanci suke ji, in kun je Abalak kuma Tamajak da Fulatanci za ku tarar. Wata mai bincike a Indiya, Indrani Medhi ta cibiyar binciken Microsoft, ta yi shekaru tana gwaji da matan da ba su iya karatu ba a unguwannin talakawa na Bangalore, abin da ta gano ya dace da mu sosai: murya da harshen mutum tare da zane mai kama da abin da aka sani sun fi rubutu aiki, lambobi kuma yawanci ana gane su ko ba a iya karatu ba, amma jerin zaɓi cikin zaɓi cikin zaɓi na ɓatar da mutane.

Saboda haka allon farko ya zama zaɓen harshe da murya, ta taɓa ta ji an gaishe ta da Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci. Ranar komawa ta fito da manyan lambobi tare da ranar mako, Talata ko Alhamis, don da ranar mako da ranar kasuwa mutane suka fi riƙe alƙawari, kuma a sa ɗan lasifika kusa da kowane rubutu. Alamomin nan da kuka saba, layi uku a kusurwa da ɗan gilashin bincike, kar ku ɗauka kowa ya san su, ku gwada. Ku tuna kuma wayar ba lalle tata ba ce, ta maigida ce ko ta maƙwabciya, to saƙon tuni kar ya tona abin da ba ta so a sani, ya ce ranar kaza ana jiran ki a likita ya isa. In za ku rubuta Hausar, kar ku ba na'ura ta fassara ku manna, ku zauna da sajfam biyu da ungozoma ku ji kalmomin da suke faɗa ma matan da baki, su za ku sa. Wurin neman suna kuma ku tabbatar wanda ya buga Dije da d ya samu daidai da wanda ya buga da ɗ, haka k da ƙ, haka Aichatou da Aishatu da A'isha, don ma'aikaciyar da ke rajista yadda ta ga dama za ta rubuta kuma ranar awo ba ta da lokacin gwada rubutu uku.